Dinarin Kaisar da Sulen Kaka: Yadda Ake Gane Tsofaffin Kuɗi

Duk wanda ya shiga kasuwar Katsina ya tambayi farashin sarƙar zinariya, ya furta kalmar Romawa ba tare da ya sani ba. Masana harshe sun bi sawun kalmar zinariya har zuwa dinar na Larabci, shi kuma dinar daga dinariyus ya fito, wato kuɗin azurfa da aka fara bugawa a birnin Roma wajen shekara 211 kafin haihuwar Almasihu. Wannan shi ne dinarin da muke ji ana karantawa a sujada ran Lahadi. Haka kuma dattawan da suka yi makaranta kafin zuwan naira a 1973 za su tuna da ƙaramin harafin d da malami yakan sa a rubuta a bayan kwabo, har sisi ya zama 6d. Harafin nan ma na dinari ne, Ingilishi suka gada daga Romawa, suka kawo mana.

Ke nan kuɗin Romawa ba baƙo ba ne a bakinmu. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin kamanninsa, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Akwai gidajen da ke da tsofaffin kuɗi a ƙasan adaka ko cikin kwalla, wasu suna tsammani dukiyar Fir'auna ce, wasu kuwa sun ba yara suna wasa da su. Akwai kuma 'yan damfara da ke cin abinci da wannan duhun kai. Saboda haka ya kamata mu san mene ne kuɗin Romawa na ainihi, yaya ake karanta shi, da kuma abin da ya bambanta shi da kuɗin da kakanninmu suka bar mana.

KO ROMAWA SUN ZO ƘASAR HAUSA?

Mulkin Roma a Afirka ya tsaya ne a bakin hamada ta arewa. Sun mallaki Masar da gaɓar tekun Libiya da Tunisiya da Aljeriya da arewacin Maroko. A shekara 19 kafin haihuwar Almasihu wani kwamandansu mai suna Korneliyus Balbus ya kai yaƙi har Garama, babban birnin Garamantawa a Fezzan, inda ake kira Jarma a yau. A zamanin Sarki Saftimiyus Seferus, wanda shi kansa haifaffen Libiya ne, ya kuma yi mulki daga 193 zuwa 211, an girke sojan Roma a Gadamas, garin nan da fatakensa suka zo suka zauna a Katsina da Kano bayan ƙarnuka masu yawa. Daga can kudu kuwa fatake ne suka ɗauki kayan Roma hannu zuwa hannu, kamar su fitilu da tuluna da duwatsun ado.

Shaida mafi shahara tana Abalessa, kusa da Tamanrasset a kudancin Aljeriya, hanyar da matafiyanmu masu bi ta Agadas suka sani. A can ne aka buɗe kabarin Tin Hinan a 1925, matar da Buzayen yankin suke ɗauka kakarsu ce. Cikin kayan da aka samu akwai fitilar Romawa da wani ɗan fallen zinariya mai ɗauke da tambarin kuɗin Sarki Kustantin, wanda ya rasu a 337. Wannan tambari ne ya taimaka wa masana suka san kabarin bai girmi ƙarni na huɗu ba. Dubi aikin da ɗan ƙaramin kuɗi ya yi: ya ba da shekarun kabari sukutum.

Kudu da Sahara kuwa, kuɗin Romawa da aka tono kaɗan ne ƙwarai. Daular Roma ta yamma ta faɗi a 476, alhali birnin Katsina bai bunƙasa ba sai a ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Korau, kusan shekara dubu ke nan a tsakani. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani, inda aka tona kaburburan manya a 1907 da kuma 1992, an sami wuri da kayan adon zinariya da tasoshin ƙarfe da suka fito daga ƙasashen Musulmi na gabas, abin da ya nuna irin cinikin da ya raya Katsina. Don haka idan wani ya ce ya tono tukunyar dinarin Kaisar a gonarsa a Batagarawa, a saurare shi da kunne ɗaya. Ko da kuɗin na gaske ne, ba ya nuna Romawa sun zo. A 2016 an ba da labarin samun kuɗin Romawa a kangon wata fada a tsibirin Okinawa na ƙasar Japan, inda ba wani Baroma da ya taɓa takawa. Kuɗi ya fi mai shi yawo.

KUƊIN DA MUKE JI A BISHARA

A zamanin Ubangiji Yesu tsarin kuɗin Roma kamar tsani yake. A sama akwai auriyus na zinariya, wanda yake daidai da dinari 25. Dinari ɗaya na azurfa ne, faɗinsa bai wuce na farcen babban yatsa da yawa ba, nauyinsa kusan giram 3.9. Ana canja shi da sastarsiyus 4 na tagulla, ko kuwa as 16 na jan ƙarfe. A can ƙasa akwai kwadaran, wanda sai an tara 64 kafin a sami dinari guda. Sojan Roma a zamanin Augustas dinari 225 yake karɓa a shekara, kafin a cire masa kuɗin abinci da na tufafi.

Wanda ya riƙe wannan lissafi zai ji labaran Bishara da sabon kunne. A misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20, dinari ɗaya shi ne ladan yini na ɗan ƙwadago. To, dinari biyun da Basamariyen nan ya bar wa mai masauki a Luka 10 ladan kwana biyu ne cur ya fitar saboda mutumin da bai sani ba. Man ƙanshin da aka shafa wa Yesu a Betanya, wanda aka ƙiyasta dinari 300, ya kusa ladan shekara guda. Bawan nan marar yafiya na Matiyu 18 ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100, alhali shi an yafe masa talanti 10,000. Talanti guda dinari 6,000 ne, wato bashin da aka yafe masa ya kai dinari miliyan 60, abin da ɗan ƙwadago ba zai tara ba ko da zai rayu shekara dubu ɗari.

Kuɗin gwauruwar nan ta Markus 12 kuwa ba na Roma ba ne. Ƙananan kuɗin tagulla ne na ƙasar Yahudiya da ake kira lafta, kuma Markus ya bayyana wa masu karatunsa cewa biyun sun yi daidai da kwadaran guda. Masana da yawa suna ganin irin waɗanda Sarki Iskandari Yannayus ya buga ne tsakanin 103 da 76 kafin haihuwar Almasihu, masu hoton anga a gefe ɗaya da tauraro a ɗaya gefen. Masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa sun yi dabara da suka kira su anini, domin anini shi ne mafi ƙanƙantar kuɗin da kakanninmu suka sani, goma ke yin kwabo.

Harajin Haikali ma da kuɗin birnin Taya ake biyansa, shekel mai nauyin kusan giram 14, saboda azurfarsa ta fi ta saura kyau. Shi ya sa 'yan canji suka kafa tebura a farfajiyar Haikali, kuma masana da yawa suna ganin da irin wannan shekel aka biya Yahuza azurfa talatin ɗin nan. Bilatus Babunti shi ma ya buga nasa ƙananan kuɗi na tagulla a shekarun 29 da 30 da 31. Ba sunansa a kansu, sunan Tibariyas Kaisar ne da shekarar sarautarsa, amma ana samunsu har yau, kuma suna cikin shaidun da ke hannu na zamanin gwamnan da muke ambata a cikin shaidar bangaskiya.

Sai kuma dinarin da aka miƙa wa Yesu sa'ad da aka tambaye shi batun biyan haraji ga Kaisar, ya kuwa tambaye su hoto da sunan da ke kai. Masu tara kuɗi sun daɗe suna ɗauka dinarin Tibariyas ne, wanda ya yi sarauta daga 14 zuwa 37, ko da yake wasu masana suna ganin zai iya zama na Augustas ko na birnin Antakiya. An buga na Tibariyas a Lugdunum, wato birnin Liyon na Faransa a yau. A gaba akwai kan sarkin da rawanin ganye, kewaye da rubutu kamar haka: TI CAESAR DIVI AVG F AVGVSTVS. Ma'anarsa, Tibariyas Kaisar Augustas, ɗan Augustas wanda aka mayar abin bauta. A baya akwai mace a zaune, da rubutu PONTIF MAXIM, wato babban firist. Wanda ya san wannan zai gane zafin tambayar. Ga Bayahude mai tsoron Allah, kuɗin nan yana ɗauke da siffa da kuma kirarin da bai dace da ɗan adam ba, duk da haka daga wurin masu tambayar aka fito da shi.

YADDA AKE KARANTA SHI

Abu na farko shi ne ƙira. Romawa ba su da injin buga kuɗi. Maƙeri yakan ɗora ɗan curin ƙarfe a kan hatimi da aka kafe a uwar maƙera, ya ɗora wani hatimin a sama, ya sauke guduma. Saboda haka kuɗinsu ba ya zagaye sumul kamar na yau. Sau da yawa hoton yakan karkace, wasu haruffa su faɗa waje, gefe kuma ya ɗan tsattsage. Ba su yin huda a tsakiya irin ta kwabonmu, ba su kuma rubuta shekara da lambobi irin namu. Duk kuɗin da ka ga an rubuta 1780 ko 1936 a kansa ba na Romawa ba ne. Wanda kuwa aka rubuta masa shekara kaza kafin haihuwar Almasihu, wannan sai dariya, domin maƙerin da ya rigayi Almasihu ba shi da yadda zai san saura shekara nawa.

Na biyu shi ne fuska. Yuliyus Kaisar ne mai rai na farko da aka sa hotonsa a kuɗin birnin Roma, a shekara 44 kafin haihuwar Almasihu, kuma a shekarar aka kashe shi. Daga Augustas zuwa gaba kowane sarki da kamanninsa. Niron yana da kaurin wuya, Fasfasiyan yana da tamoji a goshi kamar tsohon manomi, Hadiriyan wanda ya hau a 117 shi ne ya fara barin cikakken gemu. A duba abin da ke kan sarkin. Rawanin ganye shi ne na kullum. Rawani mai tsinaye kamar hasken rana yana nuna kuɗin riɓi biyu ne. Ɗamara mai duwatsu a goshi kuwa ta sarakunan baya ce, daga Kustantin zuwa gaba.

Na uku shi ne rubutu, wanda ake fara karantawa galibi daga ƙasa ta hagu a zagayo ta sama. Romawa suna gajarta kalmomi, kuma harafin V yana tsaya musu a matsayin U. IMP shi ne babban kwamanda, CAES Kaisar, AVG Augustas, PM babban firist, PP uban ƙasa, DN kuwa ubangidanmu, wanda ya yawaita a ƙarni na huɗu. Manyan haruffa SC a bayan kuɗin tagulla suna nufin da izinin majalisar dattawa. Biyu daga cikin gajerun kalmomin nan su ne kalandar kuɗin. TR P da lamba a gabansa yana nuna sau nawa aka sabunta wa sarki ikon wakilcin talakawa, abin da ake yi kowace shekara. COS da lamba yana nuna sau nawa ya riƙe muƙamin shugaban majalisa. Misali, kuɗin Sarki Tarajan mai ɗauke da COS V an buga shi ne tsakanin 103 da 111, domin a 112 ya karɓi na shida.

Na huɗu shi ne bayan kuɗin, wanda shi ne gidan rediyon sarki. Da ba jarida, ta nan talaka yake jin an ci yaƙi, an gina gada, ko an naɗa yarima. Bayan da aka rushe Urushalima a shekara 70, Fasfasiyan ya buga kuɗi masu hoton itacen dabino da mace a zaune tana makoki, da rubutu IVDAEA CAPTA, wato an kama Yahudiya. Kustantin ya daɗe yana buga hoton gunkin rana a kuɗinsa, amma wajen 327 aka fitar da wani a Kustantiniya mai tuta da haruffan farko na sunan Almasihu a Helenanci, sandar tutar ta soke maciji. Hoton fuskar Yesu kuwa bai hau kuɗin da ake kashewa ba sai wajen 692, zamanin Jastiniyan na biyu.

Na biyar, a ƙasan bayan kuɗin da aka buga daga ƙarshen ƙarni na uku akwai haruffan garin da aka buga shi. ALE Iskandariya ce ta Masar, ANT Antakiya, CONS Kustantiniya, TR birnin Tiriya na Jamus, PLN London, K ko PK kuwa Kartaj, kusa da Tunis ta yau. Idan an haɗa sunan sarki da hoton baya da alamar gari, sai a nemi kuɗin a babban kundin da Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara wallafawa a 1923, wanda masana ke kira RIC a taƙaice. Yanzu an zuba abin da ke cikinsa a intanet da hotuna, kyauta, a rumbun da ake kira OCRE, mai wayar hannu ma zai iya dubawa.

AZURFAR DA TA RIƘA RAGUWA

Wanda ya jera dinarai bisa ga shekarunsu zai ga wani labari da ba a rubuta a kansu ba. Na Augustas kusan tsantsar azurfa ne. A shekara 64, shekarar gobarar Roma, Niron ya rage nauyinsa ya kuma surka shi da jan ƙarfe kaɗan. Sarakunan baya suka ga hanya ta samu, duk wanda albashin soja ya fi ƙarfinsa sai ya ƙara surki. Zuwa zamanin Saftimiyus Seferus azurfar ta koma kusan rabi. A 215 ɗansa Karakalla ya fito da sabon kuɗi da aka ce dinari biyu ne, alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne. Kafin 270 azurfar da ke cikinsa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, tagulla ce aka yi wa wankan azurfa.

Talaka ba wawa ba ne. Mutane suka riƙa ɓoye tsofaffin kuɗi masu kyau suna kashe sababbin, 'yan kasuwa suka yi ta ƙara farashi. A 301 Sarki Diyokletiyan ya kafa dokar ƙayyade farashin kaya fiye da dubu, da hukuncin kisa ga wanda ya karya, amma kaya suka ɓace daga kasuwa, dokar ta mutu. Sai da Kustantin ya fito da solidus na zinariya, 72 a kowane awo na Roma, mai nauyin giram 4.5, aka sami kuɗin da aka amince da shi ƙarnuka da dama. A kan tsarinsa ne Halifa Abdulmalik ya buga dinarin Musulunci mai rubutu zalla wajen 697, mai nauyin giram 4.25, wato miskali, wanda maƙwabtanmu Musulmi suke lissafin sadaki da zakka da shi har gobe. Mu da muka ga kwabo ya sayi ƙosai, muka kuma ga naira ɗaya ta ƙarfe da aka sake fitarwa a 2007 mai tebur yana ƙin karɓa, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

ABIN DA KE CIKIN ADAKAR KAKA

Yawancin tsofaffin kuɗin da ke gidajen Katsina iri uku ne. Na farko wuri, wanda asalinsa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya yake, ana ƙirga shi zambar-zambar, keso guda 20,000. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Katsina a farkon 1851, ya tarar ana canja babban kuɗin azurfa guda a kan wuri 2,500 a kasuwannin ƙasar Hausa.

Na biyu shi ne wannan babban kuɗin azurfar, liyari, kuma shi ne ya fi ruɗa mutane. Yana da hoton mace mai ƙiba da mayafi, a baya gaggafa mai kai biyu, nauyinsa giram 28. Rubutunsa da Latin ne, har da haruffa R IMP, wato sarauniyar Romawa. Amma matar Mariya Tereza ce ta Austiriya, laƙabin kuma na wata daular Turai ce ta baya da ta ari sunan Roma. Ta rasu a 1780, sai aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara saboda fataken Larabawa da na Afirka ba su yarda da wani ba. An buga fiye da miliyan 300, har yau kuma ana bugawa a Biyana. Ke nan 1780 da ke jikinsa ba ta nuna shekarunsa. Darajarsa galibi ta azurfar da ke cikinsa ce, wadda maƙeran farfaru suka daɗe suna narkarwa su yi zobe da mundaye.

Na uku kuɗin Ingilishi ne: anini da ɗari da kwabo masu huda da tauraro mai tsini shida, har da rubutun Larabci, waɗanda aka fara kawowa a 1907, shekara huɗu bayan Lugga ya shiga Katsina. Aninin farko na sanholo ne. Sai toro da sisi da sule mai hoton itacen kwakwar manja da fataka. Su ma da Latin aka rubuta sunan sarki, GEORGIVS da REX da IMP, shi ya sa wasu ke ce musu na Romawa. Akwai masu sunan Edward na takwas na 1936, sarkin da ya sauka daga gadon sarauta a shekarar da ya hau. A 1959 Nijeriya ta fitar da nata, toro da auduga, sisi da koko, sule biyu da gyaɗa. An buga waɗannan duka da miliyoyi, saboda haka kuɗinsu a kasuwar masu tarawa kaɗan ne. Darajarsu ta tarihi ce: da irinsu iyayenmu suka biya haraji, suka sayi Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, suka kuma yi baikon da aka gina majami'un farko da shi.

JABU DA 'YAN DAMFARA

Jabun kuɗi ya girmi kowa. Tun a zamanin Roma akwai masu lulluɓe tagulla da fallen azurfa, shi ya sa ake ganin wasu dinarai da saran wuƙa inda ɗan canji ya gwada su. Jabun yau galibi zubi ne. A duba da gilashi mai ƙara girma: idan fuskar tana da ƙananan ramuka kamar na ƙuraje, haruffa sun yi laushi kamar sabulun da ya sha ruwa, ko akwai layin haɗi a kewayen gefe, to an zuba shi ne a mazubi. A kai shi ga ma'aunin masu sayar da zinariya, dinarin ƙarni na farko da ya yi giram 6 ko giram 2 abin tuhuma ne. A kusantar da mayen ƙarfe, in ya kama shi, ba na Romawa ba ne. In kuwa mai sayarwa ya fito da guda biyar masu kama ɗaya sak, har inda suka tsage, to uwa ɗaya ta haife su jiya. Masu zuwa ziyara Urushalima su lura da wannan, domin yawancin aninin gwauruwa da ake sayarwa cikin kwali a shagunan tsaraba kwaikwayo ne, na gaske kuwa sai a wurin dillali mai lasisi, da takardar izinin fita da shi.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Romawa sun buga kuɗi ba iyaka, mutane kuma sun binne su a tukwane lokacin tashin hankali. A 1981 an tono kusan 108,000 a kusa da Misrata ta Libiya, a 2010 kuma an sami 52,503 cikin tulu ɗaya a Frome ta Ingila. Shi ya sa ƙaramin kuɗin tagulla na zamanin Kustantin, mai shekara 1,700, ana sayar da shi 'yan daloli kaɗan. Dinarin Tibariyas yakan kai daloli ɗaruruwa saboda labarin Bishara. Masu kai miliyoyi 'yan ƙalilan ne, kamar na zinariya da Burutus ya buga don tunawa da kisan Kaisar, wanda aka sayar fiye da fam miliyan 3 a London a 2020. Shi ma daga baya aka gano takardun asalinsa na ƙarya ne, aka mayar da shi ƙasar Girka a 2023.

Dabarar 'yan damfara ba ta canjawa. Ɗaya zai zo ya ce wani Bature yana neman kwabo mai huda na shekara kaza, zai biya miliyoyi. Bayan kwana biyu wani zai ɓullo da irin kwabon yana neman dubu ɗari. Wanda kwaɗayi ya ja ya sayar da akuya ko ya taɓa kuɗin adashe, da ya saya sai duka biyun su ɓace. Wasu kuma sukan ce tsohon kuɗi yana jawo shinkafa ko yana kiran dukiya, sai a biya kuɗin gwaji. Ba ƙarfen da ke yin haka. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma ma'ajin ikkilisiya da shugabar zumuntar mata su fi kowa yin hattara, tun da kuɗin jama'a ne a hannunsu.

IDAN KA TSINCI WANI ABU

Kada a goge tsohon kuɗi da toka ko lemun tsami ko ruwan batir. Koren launi ko baƙin da ya kwanta a kansa shi ne rigarsa, kankare shi yana kashe darajarsa, yana kuma share haruffa. A wanke da ruwa mai tsabta kawai, a shanya ya bushe sarai, a riƙe shi ta gefe, a ajiye kowanne cikin 'yar ambulan ta takarda a wuri marar laima. A rubuta a jiki inda aka samo shi da wanda ya bar shi. Idan kore mai gari-gari yana fitowa yana cin ƙarfen, a ware shi daga saura.

Abin da aka tono daga ƙasa kuwa hukuncinsa dabam ne. Dokar kayan tarihi ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana haƙa ba izini, ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda hukuma ta amince da shi, ta kuma hana fita da su waje ba takarda. Jiharmu ta riga ta yi hasara a nan. An kwashe mutum-mutumin yumɓu na yankin Katsina da Sakkwato da Nok zuwa Turai, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekara 2000. Tukunyar da aka fasa da dare aka rarraba abin cikinta ta rasa labarinta har abada, domin wurin da abu ya kwanta da abin da ke kusa da shi su ne ke gaya wa masana shekarunsa. Wanda garmarsa ta ci karo da irin wannan ya bar shi yadda yake, ya sanar da mai unguwa, a kai labari gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, ko sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Malaman makarantar Lahadi kuma suna da abin koyarwa a hannu ba tare da sun kashe ko sisi ba. A roƙi dattawa su kawo anini da kwabo da sule, a nuna wa yara hoton dinarin Tibariyas a waya, a sa su lissafa ladan yini na ɗan ƙwadago a Katsina yau, sa'an nan su raba shi gida 64 su ga abin da gwauruwar nan ta zuba. Bayan darasi a mayar wa kowane dattijo kuɗinsa, a rubuta sunansa da labarin da ya bayar a littafin ikkilisiya, domin jikoki su tarar.